Ƙaramar kwamfuta da faifan CD: shin masallatai da makarantunmu suna buƙatar mazubin faifai?

Ƙaramar kwamfuta ita ce irin akwatin nan da bai wuce girman littafi ba, wanda ake haɗa shi da allo da madannai ya yi aikin babbar kwamfutar ofis. Mazubin faifai kuwa shi ne ɓangaren da ke karanta CD da DVD da hasken leza. Tambayar da kwamitocin masallatai a Paraku da Jugu ke yawan kawo mana ita ce: in za a saya wa laburare ko makarantar Islamiyya irin wannan na'ura, rashin mazubin faifai aibi ne ko kuwa?

Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da CD a 1982. Faɗinsa santimita 12 ne, yana ɗaukar kusan megabayit 700. DVD ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1990 da gigabayit 4.7. Daga nan masu ƙera kwamfuta suka fara janye jiki. Asus Eee PC ta 2007 ba ta da mazubi, MacBook Air ta 2008 haka, Apple ya cire shi daga Mac mini a 2011. Allon cikin Intel NUC kusan santimita 10 ne a kowane gefe, wato faifan kansa ya fi shi faɗi. Ga kuma injin da ke juya faifan, yana cin wuta, yana ƙara zafi, yakan riga sauran sassa lalacewa. Duk wanda ya ga abin da ƙurar hunturu ke yi wa idon leza a arewacin Benin ba ya buƙatar dogon bayani.

Amsarmu ita ce: na'urar ba ta buƙatarsa, amma al'umma tana buƙatarsa na ɗan lokaci. Dalili shi ne abin da ke ajiye a kwabobinmu. Tafsirin Shehu Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, da na Shehu Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, sun iso Zangon Paraku a kaset, daga baya a faifai, ta hannun 'yan kasuwa. Waɗannan ba mu jin tsoron ɓacewarsu, sun cika intanet. Abin tsoro shi ne karatun malamanmu na gida, da Hausa da Dendi, wanda wani ɗalibi ya ɗauka a watan azumi ya zuba a faifai ɗaya tak. Faifan da aka zuba a gida ba kamar na kamfani ba ne. Rubutunsa a kan wani siririn rini yake, zafi da rana suna cinye shi a hankali. Mun sha ɗauko faifai mai kyan gani, a sa shi ya ƙi buɗewa, malamin kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka shawararmu a sayi ƙaramar kwamfutar, a haɗa da mazubi na waje wanda ake jonawa ta USB. Guda ɗaya ya ishi masallatai da dama su riƙa ara. A kwashe faifan nan duka, a rubuta sunan malami da littafin da shekarar, domin karatun da ba a san mai shi ba ya rasa rabin darajarsa. Ma'abota isnadi sun san wannan. Kada kuma a dogara da katin memori ko filas kaɗai, su ma sukan zubar da abin da ke cikinsu in sun daɗe ba a jona su ba. A yi kwafi biyu, ɗaya a masallaci, ɗaya a wani gida daban.

Game da gaba, alamu sun nuna faifai ba zai dawo ba. Sony ma ya daina ƙera faifan Blu-ray na zubawa a 2025. Ƙananan kwamfutoci suna tafiya ne zuwa ma'ajiyar SSD mara motsi da ƙarancin cin wuta, har wasu suna aiki da batir da farantin sola. Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, tana iya riƙe Maktaba Shamila ta littattafai a matsayin fayiloli tare da ɗaruruwan sa'o'in karatu, ɗalibai su kwasa a wayoyinsu ta wayfay ba tare da sayen data ba. Mazubin waje kuwa, a saye shi tun yana kasuwa.