Daga Daftarin Ikko Zuwa Wayar Hannu

Tun kafin a san wani abu wai shi rajista a ƙasar nan, fataken kudancin Kano suna ƙulla shirka, suna ba da jari ƙiradi, suna raba riba bayan an komo daga Gwanja, alhali ba su da wata hujja sai shaidu adilai da kuma abin da malamai suka karantar a babin ciniki na Risala da Muhtasar. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a kan wannan tsari ya tashi, kuma da shi ya yi fataucin goro har ya zama babban mai sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Saboda haka idan na yi maganar rajista, ba ina nufin ita ta kawo mana amana ba. Abin da ta kawo shi ne hanyar da banki, da hukuma, da baƙon da bai san asalinka ba, za su gane ka ba tare da sun nemi mai unguwa ya shaide ka ba.

Dokar kamfanoni ta farko an yi ta a 1912 domin Ikko, sa'an nan aka shimfiɗa ta a kan sauran ƙasa bayan haɗewar Kudu da Arewa, aka sabunta ta a 1922. Dokar sunayen kasuwanci ta zo a 1961, wata dokar kamfanoni ta biyo a 1968, kuma duk tsawon wannan zamani daftarin rajista yana wani sashe na Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya. Sai a 1990 dokar soja mai lamba ɗaya ta kafa Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda kowa ya fi sani da CAC, ta ware ta tana cin gashin kanta. A bayan wannan ne na shiga aikin, ina akawu a ofishin wani lauya a birnin Kano, kuma da yake ni mutumin ƙasar Kiru ne, duk wanda ya taso daga wajenmu da buƙatar takarda, hannuna yake fara biyowa.

Wanda bai ga aikin a wancan lokaci ba, da wuya ya ƙiyasta mashaƙƙar da ke cikinsa. Za a sayi fom, a buga shi da tafireta, a miƙa sunayen da mutum yake so domin a bincika ko wani ya riga shi. Idan sunan ya tsira, a je banki a biya, a kai takardun sharuɗɗan kamfani a buga musu hatimin haraji, lauya ya yi rantsuwa cewa an cika ƙa'ida, daga nan kuma a jira shahada ta fito. Kowane mataki yana da ranarsa da layinsa. Ɗan birni yakan leƙo da safe ya koma shagonsa, amma mai sayen masara da ya taso daga Doguwa, ya ratso dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya fito Kwanar Ɗangora kafin ya kama hanyar Kano, shi kowace leƙowa wuni ce guda da kuɗin mota, wani lokaci har da kwana a gidan ɗan'uwa, ga kuma ranar kasuwa da ta wuce shi. Da yawa sun yi lissafi suka ga kuɗin zirga-zirga ya ninka na rajistar, suka haƙura.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya daɗe yana damuna, wato cewa kamfani ba ya kafuwa sai da mutum biyu aƙalla. Attajirin da dukiyarsa tasa ce shi kaɗai sai ya ce mini, "Malam, sa sunan ƙanena, ko na uwargida, ai cika sharaɗi ne kawai," a rubuta wa wancan hannun jari kaɗan, kowa ya manta. Ranar da mai dukiya ya riga mu gidan gaskiya, aka zauna rabon gado, sai takarda ta ce ƙanen nan abokin tarayya ne, magada kuwa su ce ba su taɓa jin haka ba, alƙali ya rasa wanda zai fara saurara. Na ga zumunci ya lalace a kan layi ɗaya da aka cika domin a gamsar da fom, kuma a ganina gyaran wannan ya fi kowane gyara da aka yi daga baya amfani ga mutanenmu.

Sauyin ya fara kankama a 2015, sa'ad da hukumar ta buɗe shafin rajista a intanet, biyan kuɗi kuma ya koma ta Remita. A 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta kafa majalisar sauƙaƙa kasuwanci a ƙarƙashin mataimakinsa Yemi Osinbajo, kuma abin da ya zaburar da ita shi ne jadawalin Bankin Duniya, wanda yake auna Ikko da Kano a madadin Nijeriya duka. Ƙasar ta tashi daga ta 169 ta koma ta 145, daga bisani ta 131, kafin bankin ya daina fitar da jadawalin a 2021. A watan Oktoba na 2018 aka rage kuɗin rajistar sunan kasuwanci daga naira 10,000 zuwa 5,000 na wani taƙaitaccen lokaci. Ranar 7 ga Agusta 2020 aka sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta halatta wa mutum ɗaya ya kafa kamfaninsa, ta ɗauke wajabcin hatimin kamfani, ta kuma yarda mai nema ya ba da shaidar cika ƙa'ida da kansa. A shekarar ne, saboda annobar korona, gwamnati ta ɗauki nauyin rajistar sunaye 250,000 kyauta. Shahadar da muke naɗewa a ambulan yanzu tana isowa cikin waya, da lambar haraji a jikinta.

Amfanin wannan a wajenmu a fili yake. Mai injin casar shinkafa a Tudun Wada da yake son buɗe asusu da sunan sana'arsa, da saurayin da yake neman kwangilar kai hatsi, da masu tara madara a rugagen dajin Ɗansoshiya da suke son kamfani ya riƙa saye a hannunsu, duk abu na farko da ake tambayarsu shi ne shahada, kuma yau suna iya samunta ba su taka birni ba. Da aka wajabta wa masu POS yin rajista a 2024, aka sa wa'adi a Yuli sa'an nan aka ɗaga zuwa Satumba, samarin da ke zaune ƙarƙashin laima a bakin kasuwanni sun yi tasu cikin 'yan kwanaki.

Sai dai wajibi ne in faɗi abin da nake gani kullum, domin ɗan tsakiya bai mutu ba, wurin zama ya sauya. Shafin da Turanci yake, yana kuma neman lambar ɗan ƙasa da adireshin imel, mafi yawan 'yan kasuwarmu kuwa karatunsu na allo ne da ajami, don haka sai su tafi shagon kwamfuta su wakilta wani yaro. Yaron, ko da niyyarsa kyakkyawa ce, yakan sa imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya riƙe kalmar sirri, ya buga shahada mai launi ya miƙa. Mai sana'a ya rataye ta a bango yana zaton an gama, alhali mabuɗin rajistarsa yana aljihun wanda wataƙila baɗi ya tafi hidimar ƙasa. Ba a kuma gaya masa cewa doka ta ɗora wa mai sunan kasuwanci bayar da bayanin shekara kafin ƙarshen Yuni, kuma wanda ya bari tara tana taruwa a kansa, har ranar da banki zai duba ya ce rajistarsa ba ta aiki. Wakilci a shari'a amana ce mai sharuɗɗa, kuma wakilin da ya karɓi lada bai sanar da mai wakilta abin da ya hau kansa ba, bai sauke nauyi ba. Shi ya sa duk wanda ya zo wurina, sai na buɗe masa imel da lambar wayarsa, na sa ɗansa ya rubuta kalmar sirrin a littafin bashi na shago, tare da watan da za a komo.

Shahadar CAC kuma ba ita ce ƙarshen izini ba. Dokar haraji ta 1998 ta bar rajistar wurin sana'a a hannun jiha, ta bar kuɗin shago da na rumfar kasuwa da na mahauta a hannun ƙaramar hukuma, mai ƙulla garin kunu ko ruwan leda kuma yana da NAFDAC a gabansa, ƙungiyar gama-kai tana da ma'aikatar jiha. Kowannensu da ƙofarsa da fom ɗinsa, kuma a kasuwannin Kiru da Bebeji da Doguwa har yanzu rasit na takarda ne mai karɓa yake yagowa ranar kasuwa. Abin da nake fata daga hukumomin Kano shi ne su ɗauki lambar rajistar nan guda su gina sauran izinin a kanta, su fassara shafukan da Hausa, su kuma ajiye ma'aikaci ɗaya a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma wanda aikinsa ke nan.