Yadda ake rabon ruwan raya koguna a Ostareliya

Kogunan Murray da Darling da rassansu sun mamaye ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan 1 a kudu maso gabashin Ostareliya, kuma nan ne cibiyar noman rani a ƙasar.

Farin da aka yi fama da shi daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2009 ya nuna cewa ruwan da manoma ke ɗiba ya fi ƙarfin kogunan. A 2002 sai da aka soma yashe rairayi a bakin Murray don kada ya daina kaiwa teku.

Saboda haka majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar ruwa a 2007, wadda ta kafa ofishin da ke riƙe da kason ruwan gwamnatin tarayya. Galibin kason an saye shi ne daga manoma, ko kuma an same shi ta hanyar gyara magudanun ban ruwa. Shirin da aka amince da shi a 2012 ya tanadi mayar wa kogunan lita biliyan 2,750 a kowace shekara.

Wa za a fara ba?

Ruwan ba ya isar kowace fadama, don haka hukumar kula da kogunan biyu takan bayyana wuraren da suka fi buƙata a kowace shekara, tare da shawarar jihohi, da masana, da al'ummomin asali na yankin.

Babban ma'auni shi ne yanayin shekarar. Idan fari ya tsananta, akan kai ruwan gurabe masu zurfi inda kifi ke fakewa, domin a hana asarar da ba ta gyaruwa. Idan kuwa an samu ruwan sama sosai, akan ƙara a kan ambaliya don ta daɗe har tsuntsaye su gama renon 'ya'yansu.

Ana kuma la'akari da fadamu 16 na yankin da ke ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, ciki har da Coorong a ƙarshen Murray. Ruwan da ba a saki ba ana iya ajiye shi a madatsu zuwa baɗi, ko a sayar da wani kaso.

Taƙaddama

Masu noman rani na cewa sayen ruwan yana durƙusar da garuruwansu, yayin da masu kare muhalli ke ganin kason ya yi kaɗan. Mutuwar ɗimbin kifaye a kusa da garin Menindee a 2019 da 2023 ta ƙara zafafa muhawarar.

Akwai kuma wani tarnaƙi: ba a sakin ruwan da zai malale gonakin jama'a ko hanyoyi, abin da kan hana shi kaiwa fadamun da ke nesa da gaɓa.

A 2023 majalisar ta ɗaga wa'adin samo ƙarin lita biliyan 450 zuwa ƙarshen 2027.