Amsoshin Wasiƙunku: Barmani Choge Da Matan Da Ke Bayanta

Wasiƙu biyu ne suka haɗu a kan magana guda a wannan mako, shi ya sa muka ɗaure su da igiya ɗaya. Ta farko daga wata Hajiya ce mai sayar da kifi banda a kasuwar Haɗeja, ta ce jikarta ce ta rubuta mata. Tana cewa kullum sai ta tarar da jikokinta sun haɗa kai a kan waya suna kallon 'yan matan Turai su huɗu su biyar suna waƙa tare, har suna gaya mata wai wannan abu ne na zamani, Bahaushe bai san shi ba. Ta ce mu raba musu gardama. Ta biyun kuwa daga wani manomin shinkafa ce a wajen Guri. Shi tarihin Barmani Choge yake so, domin ya ce da kaset ɗinta mahaifiyarsa ke aikin gida tun yana yaro.

To Hajiya, ki gaya wa jikokin naki sun faɗi. Kai kuma Malam na Guri, gyara zama, amsarka ita ce hujjar Hajiya.

Sunanta na yanka Sa'adatu. An haife ta a shekarun 1940 a yankin Funtuwa, wadda a yau take cikin Jihar Katsina. Funtuwa kuwa, ga wanda bai taɓa zuwa ba, gari ne na auduga da jirgin ƙasa da 'yan kasuwa, inda baƙi daga ko'ina ke sauka, kuma a nan Alhaji Mamman Shata ya yi zamansa na shekaru masu yawa. Yarinyar da ta tashi a irin wannan gari ba za ta rasa jin kiɗa ba ko da ta toshe kunne. Shi Barmani, kamar yadda kuka sani, irin sunan nan ne da Hausawa kan sa wa 'yar da ake roƙon Allah ya bar wa iyayenta. Choge kuwa laƙabi ne da ta samo tun tana ƙarama, saboda yadda takan kwaikwayi tafiyar wani mai ɗingishi a unguwarsu, har abin ya zame mata rawa. Wato tun kafin a san ta da waƙa an riga an san ta da barkwanci.

An yi mata aure da wuri kamar sauran 'yan matan zamaninta, ta auri Alhaji Aliyu, Allah kuma ya ba ta haihuwa har 'ya'ya 12. Ku riƙe wannan, don zai yi mana amfani a gaba. Ba budurwa ba ce ta fito fage, matar aure ce mai goyo, wadda ta san zafin naƙuda, ta san zaman gida da daɗinsa da ɗacinsa. Mijinta bai tare mata hanya ba. A wajen 1973 ne ta kama waƙa a matsayin sana'a, tana zuwa gidajen biki da suna.

Yanzu sai mu ɗan tsaya a kan shi kansa kiɗan, wato amada ko kiɗan ƙwarya, domin a nan amsar Hajiya take.

A ƙasar Hausa ganga da kalangu da taushi da kotso kayan maza ne, kuma galibi gado ne, ɗa ya karɓa daga uba. Mace da ke cikin gida ba ta da ko ɗaya daga ciki. To me take da shi? Tana da turmi da taɓarya, sai ta yi lugude. Tana da dutsen niƙa, sai ta yi waƙar niƙa. Tana da shantu. Tana kuma da ƙwarya. Ku mutanen fadamar Haɗeja ba sai an yi muku dogon bayani a kan duma ba, tunda kuna ganin yadda masunci ke kifa cikinsa a kan gora ya bi ruwa, iskar da ke cikin goran ta riƙe shi. To wannan iskar ce dai mata suka mayar kiɗa. Sai a samu babban masaki ko baho a cika da ruwa, a kife ƙwarya a kai, iska ta maƙale a ciki. Idan aka buga ta sai ta ba da amo mai zurfi kamar na babbar ganga. In ana son amon ya sauya sai a ɗan karkata ta a rage iskar. Sauran ƙoren kuma a kife su a ƙasa a riƙa kaɗa su da 'yan sanduna, su ne ke ba da ƙaramar murya mai kaifi. Ba fata, ba tsarkiya, ba a zuwa wurin maƙeri. Da abin da ke cikin madafa aka haɗa ƙungiya sukutum.

Asalin amada a cikin gida yake, tsakanin mata, kuma da farko yabon bayin Allah da waliyyai ya fi yawa a cikinsa. Wadda ta fara yin suna da shi sosai ita ce Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano, wadda ta riga Barmani fitowa. Abin da Barmani ta yi shi ne ta ɗauko kiɗan nan ta ɗora masa maganar duniya, maganar da mata ke yi a bakin rijiya da gindin turmi idan babu namiji kusa. Ta tsaya a gaba a matsayin zabiya, matanta na zaune a bayanta, wasu na kaɗa ƙwarya, dukkansu na amshi, mai guɗa na rangaɗawa. To Hajiya, in wannan ba ƙungiyar mata mawaƙa ba ce, mece ce?

Lokacin da ta fito ma ya taimaka mata. A ranar 1 ga Janairu, 1973 aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo. A shekarar ce kuma fari ya ƙone Arewa, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi tsada, alhali a birane kuɗin man fetur na shigowa, ba a jima ba kuma aka yi wa ma'aikata ƙarin Udoji. Wato ga yunwa ga kuɗi a ƙasa ɗaya. Rediyo mai kaset ya shiga ƙauyuka, alhazai na dawowa da shi daga Makka. Matar da ke kulle, wadda ba za ta je dandali ba, sai ga Barmani ta same ta har ɗaka. Waƙarta da aka sani da sunan Allah Ka Ba Mu Nairori ta zamanin sabon kuɗin ce, kuma duk wanda ya rayu a lokacin ya san yadda ta karɓu.

Amma abin da ya fi tsayawa a ran mata shi ne maganarta ta sana'a. Ta sha nanatawa cewa mace ta nemi na kanta, kada ta zauna sai abin da miji ya miƙo. A waƙar Sakarai Ba Ta Da Wayo ta yi wa malalaciyar mace wankin babban bargo. Wannan magana a fadamar Haɗeja ba wasa ba ce. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamu ta sauya hali. Wata shekara ruwa ya gaza, wata shekara ya zo ya cinye shuka, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Ku da kanku kun san gidaje nawa ne a irin waɗannan shekaru suka tsaya da kuɗin matar gida: mai turara shinkafa, mai bandar kifi, mai saƙar tabarmar kaba, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai zubin adashi. Ba Barmani ce ta koya musu sana'a ba, tun kakanninsu suke yi. Ita dai ta fito bainar jama'a ta yi wa sana'ar kirari, ta mayar da abin da ake yi a ɓoye a bayan zaure abin alfahari.

Ta kuma taɓo inda ba a taɓawa. Ta yi waƙar kishiya, ba ta rufe komai ba game da baƙin cikin da uwargida ke haɗiyewa ranar da aka kawo amarya. Ta yi waƙar gwarne, wato samun ciki kafin a yaye na goye, abin da ake yi wa mace gori a kansa, ita kuwa ta tsaya wa wadda ake gorantawa. A nan sai mu ce wani abu tsakaninmu da ku: ma'aikatan lafiya suna da gaskiya da suke ba da shawarar a bar tazara tsakanin haihuwa, saboda lafiyar uwa da ta jariri. Amma gori bai taɓa warkar da kowa ba, kuma da gorin Barmani ke faɗa. Ta yi waƙoƙi kan surar jikin mace waɗanda wasu malamai da dattawa suka ce sun yi batsa. Ba za mu ce ƙorafin nasu babu tushe ba, domin waƙar da aka tsara don taron mata zalla, in kaset ya fito da ita tasha da kasuwa, dole ta yi wa wasu nauyi a kunne. Sai dai duk wanda ya taɓa laɓewa ya ji abin da ake faɗa ranar kamun amarya ya san ba ita ta ƙago ba.

Yanzu bari mu leƙa ƙasashen da jikokin Hajiya ke kallo, don akwai darasi a labarinsu da ya shafi matan da ke bayan Barmani. A birnin Detroit na Amurka, garin ƙera motoci, wasu 'yan mata baƙar fata 'ya'yan talakawa suka haɗa ƙungiya a 1959. A 1961 kamfanin faifai na Motown ya ɗauke su da sunan The Supremes. Su uku ne suka yi suna: Florence Ballard, Mary Wilson da Diana Ross. Sau 12 waƙarsu na zama ta ɗaya a duk Amurka. Amma da tafiya ta yi tafiya sai mai kamfanin ya fifita Diana Ross, sauran suka koma 'yan amshi. A 1967 aka sa sunanta a gaban na ƙungiyar, aka kuma sallami Florence, wadda da ita aka kafa ƙungiyar tun farko. Diana ta ware a 1970 ta zama attajira sananniya a duniya. Florence kuwa ta shiga talauci har sai da ta karɓi tallafin gwamnati, ta rasu a 1976 tana da shekara 32. Su kuma Spice Girls na Ingila, su biyar, sun yi tashe daga 1996, amma kafin 1998 ta ƙare ɗaya ta fice. A nan gida Najeriya ma an yi tagwayen nan Lijadu, Taiwo da Kehinde, waɗanda suka yi zamaninsu a shekarun 1970.

Kun ga ke nan ko a can ko a nan, mai tsayawa a gaba ita ke kwashe suna. A jikin kaset sunan Barmani ake rubutawa. Amma ku sake saurara da kyau. Cire amshin, cire ƙwaryar ruwa, cire guɗar, ku ga abin da zai rage. Matan nan ne ke riƙe da kiɗa awa da awanni a zaune a ƙasa, su ne ke cafe baiti tun kafin ya sauka daga bakinta, kuma da su ake shiga mota a bi hanya cikin dare zuwa biki a wani gari, a bar yara a gida. Bambancin da ke tsakani shi ne su ba kamfani ne ya tara su ba, ba su sa hannu a wata takarda ba. Abin da aka samu na liƙi da kari a filin biki shi ake rabawa, bisa al'adar makaɗa, shugaba ta ɗauki nata ta sallami yaranta.

Shi kuwa kaset, kusan a ce masu kwafa ne suka ci moriyarsa. An yi dokar haƙƙin mallaka a Najeriya a 1988, amma mai shago a bakin tasha da na'urarsa ta kwafe bai san da zamanta ba. Haka makaɗan gargajiya da yawa suka ƙare: muryarsu a kowane gida, aljihunsu kuwa sai abin da biki ya kawo. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa gane wannan, kamar mutum ne ya noma, wani ya auna ya sayar.

Daga ƙarshen shekarun 1990 waƙar fim ta fiyano ta shigo, daga baya kuma masu biki suka koma ɗauko yaro ɗaya da lasifika, wanda ke yin aikin da a da sai an tara mata bakwai ko takwas. Duk da haka Barmani ba ta ajiye ƙwarya ba. Ta ci gaba da zuwa biki da tarukan mata har ƙarfinta ya fara gazawa, malaman jami'a kuma suka yi ta rubuce-rubuce a kan waƙoƙinta, ɗalibai na samun digiri da su. Ta yi fama da jinya a ƙarshen rayuwarta, Allah ya yi mata rasuwa a Funtuwa ranar 2 ga Maris, 2013, bayan shekara kusan 40 tana waƙa, ta bar 'ya'ya da jikoki masu yawa. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin matan da suka yi mata amshi.

Hajiya, waƙoƙin nata suna nan a wurin masu tura waƙa a waya, ba za ki rasa su a kasuwar Haɗeja ba. Ki sa a tura wa jikokin naki, sannan ki ɗauko baho da ƙwarya ki nuna musu yadda ake fitar da amon. Wasiƙar da ta zo daga Kirikasamma kan maganar kachala kuma, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.