KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI: TARIHIN HAƘƘIN MAWAƘI A KAMARU



A nahiyar Afirka da wuya a sami ƙasar da aka ɗebi waƙoƙinta aka kai kasuwar duniya ba da izini ba kamar Kamaru. Har sau uku manyan taurarin duniya suna ɗaukar waƙar ɗan ƙasar nan, kuma a dukkan ukun sai da maganar ta kai gaban alƙali ko teburin sulhu. Mukan ba da waɗannan labarai muna jinjina kai, muna tsine wa ɓarayin nesa. To amma masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Bari mu bi tarihin tun daga fada har zuwa wayar da ke aljihunmu, mu ga inda haƙƙin mawaƙi yake farawa da inda yake salwanta.

ZAMANIN FADA DA ALƘALAMI

Tun a ƙarni na 19, lokacin da lamidai suka kafu a ƙasar Adamawa, fatake Hausawa suka riƙa kwararowa Garwa da Marwa da Ngaundare, wasu ta tudu, wasu daga baya ta kogin Binuwai. Ba tufafi da goro kaɗai suka zo da su ba. A cikin ayarinsu akwai malamai da mahauta da wanzamai da makaɗa. Shi ya sa har yau, in lamido ya fito ranar salla, za ka ji algaita da kakaki da ganguna irin na fadojin ƙasar Hausa da Barno, kuma sau da yawa za ka tsinci Hausa a bakin maroƙa, ko da kuwa fadar ta Fulani ce.

A wancan zamani ba a sayar da waƙa, domin ba ta da jikin da za a ɗauka a kai kasuwa. Tana bakin mai ita. Wanda yake son ji, dole ya je inda mawaƙi yake, ko ya kira shi. Ubangida kan ba da riga ko doki ko gona, masu biki su yi kari, shugaban kiɗa kuma ya raba abin da aka samu tsakaninsa da 'yan amshi da sanƙira. Duk da babu takarda, akwai doka. Yaro ba ya buɗe nasa kiɗan sai maigidansa ya sallame shi. Taken wani basarake ba a kaɗa wa wani. Wanda kuwa ya ɗauki waƙar wani ya ce tasa ce, 'yan'uwansa makaɗa ne za su fara tona masa asiri, don zanen aro ba ya rufe katara.

A ɓangaren rubutacciyar waƙa al'amarin ya fi haka tsauri. Malaman ajami sukan rufe waƙa da ambaton sunansu, wani lokaci har da na mahaifi da na gari, sannan su ɓoye shekarar da suka yi ta a cikin ramzi. Mai kwafa ya kwafa har da wannan baiti, mai rerawa ya rera har da shi. Dubi waƙar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan na ƙasar Zazzau. Makafi sun yi yawo da ita kasuwa-kasuwa, sun ci abinci da ita, amma ba a taɓa raba ta da sunan mai ita ba. Tarbiyyar zaure ce ta haifar da haka, inda almajiri yake koyon cewa albarkar ilimi tana cikin jingina shi ga wanda aka ɗauko daga gare shi.

RANAR DA MURYA TA RABU DA MAI ITA

Garmaho ne ya fara raba murya da maƙogwaron da ya fitar da ita. Rediyo ya biyo baya, gidan rediyon Garwa ya riƙa watsa shirye-shirye da Fulatanci da Hausa, mutanenmu kuma suna kama tashar Kaduna su ji su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Sai kaset ya zo ya cika kasuwanni daga shekarun 1970 zuwa 1980. Da rikoda mai baki biyu, kowane mai shago ya zama kamfani. Kaset ɗaya zai fito daga Kano, ya bi ta Yola ko Mubi ko Maiduguri, kafin wata ya zagayo ya haifi ɗaruruwa. Sunan mawaƙi ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, amma ko sisi bai koma aljihunsa daga wannan ciniki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A daidai wannan lokaci ne mawaƙan kudancin Kamaru suka gamu da irin wannan a babban fage.

SHARI'U UKU

A shekarar 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka. Manu Dibango, ɗan Duwala, ya yi wa gasar waƙa, a bayan faifan kuma ya sa wata mai suna Soul Makossa. Kamaru ta sha kashi a hannun Kwango a wasan kusa da na ƙarshe, mutane suka juya wa faifan baya. Sai ga shi waƙar bayan faifan ta ɓulla a birnin New York, gidajen rawa da na rediyo suka ɗauka. Da yake ainihin faifan ya yi wuyar samu, ƙungiyoyin kiɗa da dama suka yi ta kwaikwayonta suna sayarwa, kafin kamfanin Atlantic ya sami izinin fitar da ta gaskiyar. Bayan shekara goma, a 1982, Michael Jackson ya fitar da kundin Thriller, wanda ya zama mafi kasuwa a tarihin waƙa, amshin Dibango kuwa yana ƙarshen waƙar farko ta kundin ba tare da an nemi izininsa ba. Dibango ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu, aka biya shi. A 2007 Rihanna ta sake ɗaukar wannan amshi da izinin ɓangaren Jackson kaɗai. Dibango ya koma kotu a Faris a 2009, amma alƙali ya ƙi karɓar ƙarar, bisa hujjar cewa ya riga ya amince da a sa sunansa a jikin faifan da za a fitar a Faransa. Ya rasu ranar 24 ga Maris 2020.

Na biyu shi ne André-Marie Tala, makahon mawaƙi ɗan Banjun. Ya yi waƙa mai suna Hot Koki, sai ga James Brown na Amurka ya fitar da wata a 1975 da kiɗa iri ɗaya, an canza kalmomi kawai. Shekara huɗu ana shari'a, daga ƙarshe makaho ya kayar da mai ido.

Na uku kowa ya shaida shi. A 1986 ƙungiyar Golden Sounds, wadda jami'an rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa suka kafa, cikinsu har da Jean Paul Zé Bella, ta fitar da Zangalewa. Waƙar ta zagaya Afirka, ta tsallaka teku har ƙasar Kolombiya, mahaifar Shakira. A 2010, da aka fitar da waƙar gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu, duk ɗan Kamaru da ya ji amshinta ya gane kayan gida. Surutu ya yi yawa, aka zauna aka sasanta, aka amince da haƙƙin ƙungiyar. Abin lura a nan shi ne, ita kanta Zangalewa daga waƙoƙin maci na sojoji aka gina ta. Abin da ya ba Golden Sounds hujja shi ne su suka tsara ta, suka naɗe ta, suka sa mata suna da shekara.

Mai karatu zai ga zare ɗaya da ya ɗinke labaran nan uku. Dibango da Tala da Zé Bella ba su fi abokan shari'arsu kuɗi ko lauyoyi ba. Abin da suka riƙe shi ne faifai mai ɗauke da sunansu da shekarar fitowarsa. Sunan nan shi ya tsaya musu a gaban alƙali.

DOKA TANA NAN, RABO NE YA GAGARA

Ta fuskar rubutacciyar doka Kamaru ba ta baya. A Yawunde hedikwatar ƙungiyar OAPI take, wadda ke kula da haƙƙin fasaha a ƙasashe 17, ciki har da Nijar da Cadi, bisa yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977. Dokar ƙasa mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000 ta ba mai fasaha haƙƙi iri biyu. Na farko na dukiya ne: ba a kwafa aikinsa a sayar ko a watsa sai da izininsa, har tsawon rayuwarsa da shekara 50 bayan rasuwarsa, magadansa na cin moriya. Na biyu na mutunci ne, wato a ambaci sunansa kuma kada a ɓata aikinsa, wannan kuwa ba ya tsufa, ba a sayar da shi. Dokar ta yarda mutum ya kwafa don amfanin kansa, ta kuma tanadi ɗauri da tara ga mai satar fasaha. Waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba ta mayar da su gadon ƙasa, mai son kasuwanci da su sai ya nemi izinin hukuma. Da yake Kamaru da Nijeriya duk suna cikin yarjejeniyar Berne ta 1886, waƙar mawaƙin Kano tana da kariya a kasuwar Garwa kamar ta ɗan gida. Ta fuskar addini ma, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen tara kuɗin da raba su. Daga SOCADRA aka koma SOCINADA. A 2003 aka kafa CMC, Dibango da kansa ya fara shugabantarta, Sam Mbende ya gaje shi. A 2008 ma'aikatar al'adu ta janye lasisinta, aka kafa SOCAM, ita ma rigingimun shugabanci suka cinye ta, sai SONACAM a 2017. Kusan duk wannan kokawa a Yawunde da Duwala aka yi ta. Arewa ta ba ƙasar nan mawaƙa irin su marigayi Ali Baba, haifaffen Garwa da ya rasu a 2004, da Isnebo na ƙungiyar Faadah Kawtal, waɗanda sunansu ya kai kudu har ya wuce. Amma mai kalangun da ke kiɗan biki a unguwa, da zabiyar da ke waƙar amada, da sha'irin da ke bege a maulidi, yawancinsu ba su da rajista, ba su da kwangila, kuma sau da yawa ba su ma san wanda ya naɗi muryarsu ba.

NAMU TUDUN

Yau kaset ya mutu, faifan CD ya bi shi. Saura memori da waya. Mai turi yana zaune a bakin kasuwa da kwamfuta, ka ba shi 'yan canji ya cika maka waya da waƙoƙi ɗari. Wannan sana'a ce ta durƙusar da kasuwar finafinai da waƙoƙi ta Ƙofar Wambai a Kano, inda a da 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya. Asarar kuɗin a fili take. Wadda ta fi ta muni ita ce asarar suna. Waƙa takan iso wayarka da lamba kawai, ko da sunan wani mawaƙin da ya fi shahara, ko an datse farkonta an ɗora muryar mai talla yana kiran sunan shagonsa. In aka yi shekara ashirin a haka, jikan mawaƙin ba zai iya nuna waƙar kakansa ba, balle ya nemi haƙƙinta. Idan gobe wani tauraro daga Legas ko Landan ya ɗauki amshin wata zabiyar Garwa ya ci miliyoyi da shi, da wace hujja za ta tsaya, alhali mu da hannunmu muka goge sunanta?

Wannan ya fi shafarmu mu Hausawan Kamaru. Ba mu da yawa, kuma waƙar Hausa duk inda aka ji ta, Kano ko Maraɗi ake danganta ta. Waƙar ɗan Garwa da ta fita ba suna, ta shiga babban kogi ke nan, ba mai sake cewa daga bakin Binuwai ta taso.

Muna da abin koyi a cikin garin nan. Masanin tarihi Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa, ya shafe rayuwarsa yana naɗar labarai daga bakin dattawan lamidai. Da ya zo wallafa tarihin Garwa, sai ya sa sunan Modibbo Ahmadu Bassoro tare da nasa a bangon littafin, domin daga wurinsa ya ɗebi ilimin. Bai ragu da komai ba, littafin ma ƙarin daraja ya yi.

Abin da ake nema a wurinmu bai fi ƙarfinmu ba. Wanda zai tura waƙa, ya tura ta da sunan mai ita, in ya san shekara da gari ya haɗa. Wanda zai naɗi mawaƙi a wurin biki, ya nemi izininsa kafin ya watsa. Wanda zai ci riba da waƙa, ko a shago ko a talla ko a gidan rediyo, ya nemi mai ita ko magadansa su daidaita. Matashin da ya ari amshin wani dattijo ya faɗi inda ya aro. Mawaƙanmu kuma su rubuta waƙoƙinsu, su adana asalin naɗin da ranarsa, su yi rajista, su daina sallama aiki da baki kawai. Masu tsofaffin kaset a gida, kafin zafin Garwa ya gama cinye su, a kwafe su a rubuta sunan kowane mawaƙi tun dattawan da suka san muryoyin suna raye.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Wanda ya faranta maka rai da waƙa ya yi maka kyauta, ƙaramin tukuicin da za ka ba shi kuwa shi ne ka kira sunansa.

Allah Ya jiƙan mawaƙanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin na raye. Wanda ya san wani tsohon mawaƙin Garwa, Marwa ko Ngaundare da aka manta, ya taimaka mana da sunansa da waƙoƙinsa, mu haɗu mu adana.