Jinyar Zuciya Bayan Fyaɗe: Matsayin Harshe da Al'ada a Ƙauyukan Hausawan Jazira

Gabatarwa

A watan Oktoban 2024, bayan kwamanda Abu Aƙila Kaikal ya sauya sheƙa daga rundunar RSF zuwa rundunar sojan Sudan da take yaƙi da ita, dakarun RSF suka afka wa garuruwan gabashin Jazira, ciki har da Tambul da Hilaliyya da Rufa'a. Ƙungiyar mata ta SIHA ta ba da rahoton fyaɗe a yankin, har da matan da suka kashe kansu. A Maris 2025 kuma UNICEF ta bayyana cewa yara 221 aka tantance an yi wa fyaɗe a ƙasar tun farkon 2024. Jazira yanki ne da Hausawa suka daɗe a cikinsa, tun hijirar Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da kuma buɗe gonakin audugar Jazira a 1925. Maƙalar nan na da ra'ayin cewa jinyar zuciyar matan waɗannan ƙauyuka ba za ta yi tasiri ba sai an yi ta da Hausa, ta hannun matan da suka amince da su, tare da tace al'adar kanta.

Abin da bincike ya nuna

An fi zurfafa nazarin daidaita jinya da harshe da al'ada a kan 'yan asalin Latin Amurka. A 1995 Guillermo Bernal da abokan aikinsa suka fitar da fannoni takwas da ake daidaita jinya da su, ciki har da harshe da salon zance da yanayin rayuwar majinyaci. A 2006 Griner da Smith suka tattara nazarce-nazarce 76, suka gano cewa jinyar da aka yi da harshen uwa ta ninka wadda aka yi da Ingilishi tasiri. Misali mafi kusa shi ne na gabashin Kwango, inda Judith Bass da tawagarta suka yi gwaji da mata 405 da aka yi wa fyaɗe, aka buga sakamakon a 2013. Ma'aikata 'yan yankin ne suka jagoranci zaman rukuni, aka sauƙaƙa shi domin waɗanda ba su iya karatu ba. Bayan wata shida, kashi 9 cikin ɗari ne kawai ke da alamun tsananin damuwa, alhali a cikin waɗanda ba su yi zaman rukunin ba sun kai kashi 42.

Yadda abin yake a ƙauye

Bahaushiyar Jazira tana ciniki da Larabci a kasuwa, amma abin da ya taɓa mutuncinta da Hausa take iya faɗarsa, shi ma a sakaye. Idan ta zauna gaban likita namiji, ga ɗan mijinta yana tafinta, ba za ta wuce "kaina ke sarawa, gabana na faɗuwa, ba na barci" ba. Sai a ba ta ƙwayar ciwon kai ta koma gida. Daga nan ta nufi malam, a wanke mata rubutu, a haɗa da turare. Galibi ungozoma ko gwaggo ce ta san ainihin labarin. Saboda haka su ya kamata a fara horarwa, su iya sauraro ba tare da "me ya fitar da ke?" ba. Shi ma malamin yana da rawar takawa, domin malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa wadda aka tilasta ba ta da laifi, kuma jin wannan daga bakinsa na sauke nauyin da maganar likita ba za ta sauke ba.

Iyakar bin al'ada

Rufin asiri abu ne mai kyau matuƙar yarinyar ake rufa wa. Idan ya koma ɓoye ta a ɗaki ko aurar da ita cikin gaggawa, ya zama cuta. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma lokaci ba ya jira: maganin kariya daga cutar ƙanjamau awa 72 gare shi, na hana ɗaukar ciki awa 120, dokar Sudan ta 1991 kuma kwana 90 ta ba wadda ta yi cikin fyaɗe ta zubar. Sai a 2015 aka gyara sashe na 149 na dokar da ya cakuɗa fyaɗe da zina, kuma har yau tsoron takardar 'yan sanda ta "Urnik 8" na hana mata zuwa asibiti, duk da an sassauta sharaɗinta.

Kammalawa

Jami'ar mata ta Ahfad ta daɗe tana horar da masu jinyar zuciya. Abin da ya rage shi ne a ɗauki 'yan mata Hausawa daga Rufa'a da Maiwurno da Damazin a horar da su, a haɗa su da ungozomomi, a kuma sa limamai su yi bayani a huɗuba. Kira na musamman ga iyaye: a kai yarinya asibiti cikin kwana uku, kafin a zauna shawarar dangi.