Amsoshin Wasiƙunku: Taron Tunawa da Makaɗin Jita a Amurka, da Namu Ɗan Maraya Jos

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani tsohon ma'aikacin masaƙa da ke zaune a Makera, Kaduna ta Kudu, wanda yanzu yake sayar da hatsi. Ya ce ya ji wai a Amurka akwai wani makaɗin jita da mutane ke yin takakkiya daga ƙasashe su taru don girmama shi. Yana tambaya ko gaskiya ne, kuma mu nan wa muke da shi da ya cancanci irin wannan taro.

To Malam, mun gode, kuma abin da ka ji gaskiya ne. Sunan makaɗin Chet Atkins. An haife shi a 1924 a Jihar Tennessee, ya rasu a 2001. Jita tana da tsirkiya shida, shi kuwa sai ya riƙa kaɗa masu kauri da babban yatsa, sauran yatsun suna fitar da karin waƙar, har mai sauraro ya ɗauka mutum biyu ne ke kiɗan. A rediyo ya fara jin irin wannan salo wurin wani makaɗi, Merle Travis, sannan ya ƙara nasa. A 1983, tun yana da rai, masoyansa suka kafa ƙungiya, suka kuma ɗauki shekaru aru-aru na rayuwar mutum, wato gommai, suna taruwa kowace shekara a birnin Nashville. A wurin taron da rana gwanaye kan zauna da masu koyo suna nuna musu yadda ake aza yatsa, da dare kuma a yi kiɗa. Shi kansa yakan halarta kafin rasuwarsa. Ka ga ke nan taron makaranta ce, shi ya sa salon bai bi mai shi kabari ba.

Mu dawo gida. In ana maganar wanda ya ɗauki abin kiɗa mai tsirkiya ya kai shi duniya, ai sai marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Uban ya rasu yana jariri, uwar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai Sarkin ya riƙe shi. Daga nan sunan Ɗan Maraya ya samo asali.

Abin kiɗansa kuntigi, tsirkiya ɗaya tak. Ana haɗa shi da ɗan gwangwanin kifi, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka sanda, a ɗaura tsirkiyar. Abin da yaro zai iya harhaɗawa a bayan gida, shi mutumin nan ya riƙe har ƙasashen waje, ba 'yan amshi, ba makaɗa a bayansa.

Abin da ya bambanta shi da makaɗan fada shi ne waɗanda ya zaɓa ya yi wa waƙa. Ya yi Waƙar Karen Mota, yana yabon yaron mota da ke shan wahalar hanya, wanda ba wanda ke kula da shi. Ya yi Mai Akwai da Babu, da Jawabin Aure, da Gulma Wuya, inda yake sauya murya yana kwaikwayon mutanen da ke cikin labarin. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa. Gwamnati ta ba shi lambar girma ta ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa. Allah ya yi masa rasuwa a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Allah ya jiƙansa.

Malam, kai shaida ne. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, yankinku ya cika da leburori daga ko'ina, kuma irinsu ne Ɗan Maraya yake yi wa waƙa. Masaƙar ta tsaya a 2002, jama'a suka watse, amma kaset-kaset ɗin da suka saya suna nan a akwatuna.

Game da taro kuwa, malaman jami'a sun yi nasu ƙoƙarin. Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya babban taro a kan Alhaji Mamman Shata a 2018, da wani a kan Ibrahim Narambaɗa a 2019. Sai dai takarda tana adana kalmomin waƙa ne, ba ta koya wa yaro hannu. Kiɗan tsirkiya kuwa a hannu yake. Haka gurmin Haruna Uji, haka kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam. In masu hannun suka ƙare ba wanda ya gaje su, sai dai a riƙa jin abin a faifai.

Saboda haka ga shawara, manoma da 'yan kasuwa. Wanda ke da tsohon kaset ya raba shi da rana da danshi, ya nemi yaro mai wayo ya juye shi a waya tun zaren bai tsinke ba. In a garinku akwai dattijon da ke kaɗa kuntigi ko gurmi ko garaya, ku ɗauki muryarsa, ku tambaye shi wurin wa ya koya. In an gama kaka aka sami sarari, a gayyato shi ya zauna da yara ya nuna musu yadda ake ɗaura tsirkiya. Wannan ba ya bukatar zauren taro, inuwar bishiya ma ta isa.

Malam na Makera, da fatan ka gamsu. Wanda ya san wani mai kuntigi a garinsu ya rubuto mana sunan garin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.