Kafin a Aza Tubalin Farko

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, magini na gargajiya ba ya taɓa tubali sai ya fara shata gidan a ƙasa. Da ƙafa yake jan layi, wani lokaci ya bi shi da toka: ga zaure, ga turaka, can kuma rumbu. Maigida ya shiga cikin zanen ya taka, ya ce ɗakin uwargida ya yi ƙanƙanta. Sai a share da tafin ƙafa a sake. Gyara a nan ba ya cin ko kwabo, amma in katanga ta tashi, sai rushewa.

Yaran wurin ma haka suka tashi, suna gina ƙananan gidaje da rumbuna da laka bayan ruwan sama.

Daga irin wannan makaranta aka samu Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da bakan gizonsa na laka da azara.

Ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya bi irin waɗannan gine-gine yana aunawa yana zanawa. Da wannan awo aka gina kwafin masallacin da wani sashe na ganuwar Kano a gidan tarihi na Jos. Littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990, bayan rasuwarsa.

Tsofaffin maginan Gaya suna raguwa. Ya kamata matasanmu su zauna da su, su auna, su rubuta.